Ina Son Jin Muryar Kowa

Duk unguwar, mutum ɗaya ne ba ya tsaki idan wuta ta ɗauke ta dawo a lokacin hadari, shi ne Tsohon Biri. Sunan ba zagi ba ne. Abokan aikinsa a kamfanin wuta ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, don kafin wani ya gama ɗaura bel ɗin hawa, shi har ya kai kan turken wuta yana leƙo su yana dariya. Da furfura ta fito aka ƙara masa "Tsohon" a gaba, ya karɓa hannu bibbiyu, ko da yake hannun hagun ya daɗe da daina karɓar komai.

Hannun ya shanye daga gwiwa zuwa yatsu, fatar ta tattare kamar ledar da ta ji wuta. A aljihu yake ajiye shi. Yara ba sa tambaya, manya kuma ba sai sun tambaya ba, don ya ba su labarin har sun haddace.

Cikin 'ya'yansa, Auta kaɗai ne ya gaje shi. Babban yana koyarwa a makaranta, mai bi masa tana aikin jinya, ɗayan kuma ya buɗe shagon gyaran waya. Tsohon yana son su duka, amma ba ya iya ɓoye wanda ya fi ji da shi. Kowace safiya zai zauna a kan benci a bakin ƙofa da kofin shayi, ya jira Auta ya fito cikin rigar aiki da takalmi mai nauyi, jakar kayan hawa a kafaɗa. Ba ya barinsa ya wuce sai an buɗe jakar. Ya shafa ɗinkin bel, ya ja ƙugiyar ya ji ƙararta. Sai kuma safar hannu ta roba, wadda ita ce tsakanin mutum da ajalinsa. Auta zai naɗe bakinta har iska ta kumbura yatsun, shi kuma tsohon ya kara ta a kumatunsa ya yi shiru, yana jin ko akwai inda iska ke tsiyaya. Hudar da ido ba ya gani, kumatu na ji.

Ranar nan ma haka aka yi.

"Yau wane layi?" in ji tsohon.

"Namu ne yau, Baba. Layin kasuwa. Ayarin Dogo zai canza tangaran ɗin da ke riƙe waya a turakun bayan gada."

"Da wuta a kai?"

"Da wuta a kai. Ba a so a kashe wa asibitin haihuwa."

"To ka tabbata 'yan ɗakin sanyi sun ɗaure Mai Naci kafin kowa ya taka turke. Kuma kar ka yarda da 'an ɗaure' sau ɗaya. Ka sa ya maimaita. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Kai dai Malam, ka bar yaro ya tafi," in ji matarsa daga tsakar gida, tana shanya. "Kullum magana ɗaya kamar rediyon da ya lalace."

Auta ya zuge jaka ya yi sallama, kansa a ƙasa. Uwar ta bi bayansa da kallo, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta sunkuya ta ɗauki wata riga ta matse. Tsohon bai lura ba, hankalinsa na kan tafiyar yaron, yana jin daɗin yadda jakar ta zauna masa a kafaɗa.

Mai Naci ba mutum ba ce. Wata na'ura ce da ke bakin kowane babban layi, ma'aikata suka sa mata wannan suna don ba ta jin "a'a" a karon farko. Ita ce ta ci hannun tsohon, amma abin mamaki bai taɓa riƙe ta a zuciya ba. Wata rana ce ƙafarsa ta zame a kan turke, hannunsa ya faɗa kan waya. Na'urar ta yanke wuta nan take. Ya tsinci kansa yana reto a jikin bel, idonsa biyu, hannunsa na kan wayar da ta mutu, har ya fara cewa a ransa ya tsira. Sai Mai Naci ta yi abin da aka ƙera ta ta yi, ta maido wuta. Wanda ya kamata ya ɗaure ta daga ɗakin kula da layuka, ya hana ta maidowa muddin akwai mutum a sama, ya amsa cewa ya ɗaure alhali bai ɗaure ba.

Tsohon bai taɓa neman sanin ko wane ne ba. Gaba ɗayansu ya haɗa ya yi musu kuɗin goro. 'Yan ɗakin sanyi yake kiransu, mutanen da ke zaune gaban allo cikin sanyin na'ura, rana ba ta taɓa dukan ƙeyarsu ba, amma ran mai hawa na bakin yatsansu. Ya sha faɗa a gaban iyalinsa cewa gara ya ga ɗansa yana tallan ruwa a titi da ya gan shi a kujerar ɗakin nan. Idan ya faɗa, kowa ya yi shiru ya ci gaba da cin abinci. Shi kuma ya ɗauka shirun nan yarda ce. Tsufa na da wannan halin.

Bayan azahar ya tsallaka titi zuwa shagon Mai Aski, inda yake da kujerarsa ta dindindin kusa da ƙofa, ba tare da yana da gashin da za a aske ba. Rana ce mai zafi da nauyi, fanka na juyawa amma iskar ba ta da rai. Mai gidan burodin da aka buɗe kwanan nan a kan kwana yana zaune an lulluɓe shi da zane, injin aski na zirya a ƙeyarsa.

Ba wanda ya ga haɗuwar hadarin. Ta bayan gidaje ya taso. Sai kawai aka ga hasken da ke bakin ƙofa ya dushe, iska ta kwaso leda da ganye ta watso cikin shago.

"Shi ke nan," in ji Mai Aski. "Yanzu mutanenka za su fara wasan nasu. Ɗauke, kawo, ɗauke, kawo. Wai don Allah yaro suka ba makunnin yake wasa da shi?"

"Nima abin na ba ni haushi," in ji Mai Burodi. "In za a ɗauke a ɗauke, in za a bari a bari. Injin kwaɓa fulawa ba ya son wannan rawar."

Mai Aski ya dafe goshi. "Ka jawo mana. Yanzu sai mun ji karatun daga farko."

Tsohon ya gyara zama. Sabon kunne ba kullum ake samu ba.

"Ba wanda ke taɓa makunni," ya ce. "Ka ga wayar nan ta sama? Ba abin da ya raba ta da turke sai ɗan tangaran da kuma iska. Iska ba ta ɗaukar wuta. To idan aradu ta faɗo kan layi, ƙarfinta ya fi ƙarfin wannan tazarar, sai ta tsallake tangaran ta bi turke ta shige ƙasa. Ita aradun kafin ka ƙifta ido ta wuce. Amma ta bar iskar wurin da zafi, ta zama hanya. Sai wutarmu ta gida ta ga hanya a buɗe, ta bi bayanta. Kuma muddin ana turo ta, hanyar ba za ta rufe ba, sai ta ƙone tangaran ta tsinke waya."

"To sai a yi yaya?"

"Sai Mai Naci ta yanke. Ta ɗan dakata iskar ta huce, hanyar ta mutu, sannan ta maido. Ɗaukewar nan da kuke wa tsaki, ita ce ta hana ku kwana biyu a duhu. Haka in reshe ya taɓa waya iska ta janye shi. In ta maido ta ji abin yana nan, ta sake yankewa, ta sake gwadawa. In ta ga abin ya ƙi, sai ta haƙura ta zauna a kashe, sai mutum ya bi layin da ƙafa ya gano."

"Ashe na'urar na da hankali," in ji Mai Burodi.

"Ba ta da shi ko kaɗan. Ba ta san bambancin reshe da ɗan Adam ba." Ya ciro hannun hagun daga aljihu ya ɗora a kan gwiwa. Mai Burodi ya kalla ta madubi ya kawar da kai. "Shi ya sa in akwai mutum a kan layi ake ɗaure ta. Ranar nan in ta yanke, ta yanke ke nan, ba maidowa. Kamar yau. Yarona na kan layin nan namu, bayan gada. Yau ba za ku ga wasan ba. In ta tafi sai dai ku nemi almakashi."

"To bari in yi sauri," in ji Mai Aski, "kar in sallame ka da rabin kai, yaran gidan burodi su raina ka."

Tsohon ya leƙa sama ta ƙofa. Bai damu ba tukuna. Ya san Dogo, shugaban ayarin, shi tsohon ne ya koya masa aiki, kuma ya san da ganin hadari zai ce a sauko. Amma ya kuma san saukowa ba tsalle ba ce. Ba a barin waya a rataye rabi da rabi. Sai an ɗaure abin da aka kwance, an zuro kayan aiki da igiya, mutum ya sauko taki-taki. Hadarin da ya zo yanzun nan, lallai har yanzu suna sama suna tattarawa.

Walƙiya ta haske titi fari fat, tsawa ta biyo ta a kan dugaduganta, har gilashin ƙofa ya amsa. Ƙwan fitila ya mutu. Injin aski ya yi shiru a tsakiyar kan Mai Burodi. Fanka ta ci gaba da juyawa da sauran ƙarfinta.

Gaban tsohon ya faɗi, amma ya riƙe kansa. Aradu ce kawai, ya ce a ransa. An ɗaure ta, za ta zauna a kashe, su sauko lafiya.

Sai ƙwan ya kawo haske. Injin ya yi tsalle a hannun Mai Aski ya ci gaba da kuka.

"Alhamdu lillahi!" in ji Mai Aski. "Tsoho, yau dai karatunka ya sha ruwa. Ga ta nan ta dawo."

Dariyar ba ta yi nisa ba, don sun ga fuskar tsohon a madubi. Yana kallon ƙwan nan kamar wanda ya ga maciji a rufin ɗaki. Ba a ɗaure ta ba. Wani a ɗakin sanyi ya sake cewa "an ɗaure" yana kurɓar shayi, kuma Auta na sama. Wataƙila aradu ce ta sa ta yanke. Wataƙila kuma ƙarar tsawar ce ta razana wani, ƙafa ta zame, hannu ya nemi abin kamawa.

Ya lalubo waya ya kira Auta. A kashe. Dama ba a hawa da waya, shi da kansa ya kafa masa wannan dokar. Ya kira Dogo, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

"Ina za ka cikin ruwan nan?" Mai Aski ya kira shi. "Tsoho! Ga lema!"

Ya riga ya fita. Ya wuce ƙofar gidansa bai shiga ba. Ya hango inuwar matarsa ta taga tana kwashe shanyar da ta shigo da ita, ya ji ba shi da kalma ko ɗaya da zai iya gaya mata. Da wane baki? Shi ne ya ɗaura wa yaron bel tun yana makaranta, yana nuna masa yadda ake kafa ƙafa, ita tana cewa a bar mata wannan ɗaya.

Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin ya kai kwana rigarsa ta manne a jiki, kwata ta cika ta fara amai a kan titi. Gwiwarsa ta dama, wadda likita ya hana shi wahalar da ita, ta fara magana, bai saurare ta ba. Babura sun fake a ƙarƙashin rumfuna, ba wanda zai ɗauki fasinja. Ya wuce shagon mai walda, ya wuce wurin wankin mota, yana bin wayoyin sama da ido kamar yadda ya saba bin layi a zamanin aikinsa.

A gaban kantin magani wata tsawar ta sake fashewa. Fitilun kantin suka mutu, allon talla mai kore da ja ya yi baƙi. Tsohon ya tsaya cak a tsakiyar ruwa.

"Kar ki dawo," ya ce a fili. "Don Allah kar ki dawo. Zauna a nan."

Ta dawo. Daga shagon kallon ƙwallo da ke gefe aka yi ihu da tafi, wani ya buga benci don murna. Bai taɓa jin ya tsani farin cikin mutane ba sai ranar. Ya san wannan ɗan tsakanin, tsakanin yankewa da maidowa. Ya zauna a cikinsa sau ɗaya. Ya san yana da tsawon da zai ishi mutum ya yi zaton ya tsira, bai kuma kai tsawon da zai janye hannunsa ba. Yanzu yana ganin fuskar Auta a wurin, da ɗan tabon da ke girarsa tun ranar da ya faɗo daga kan katanga yana ƙarami. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar tasa.

Ya haye gada yana dafa ƙarfen gefe, ruwa mai launin ƙasa na gudu a ƙarƙashi. Yana gangarawa ya fara ɗaga kai. Turke na farko ba kowa, sababbin tangaran na sheƙi a kansa. Na biyu ma haka. Na gaba tsoffin ne a kai, ba a kai gare shi ba. Ba bel a rataye, ba igiya, ba hular kwano a ƙasa. Ya duba gindin kowanne, har cikin ciyawa, yana addu'ar kada ya ga komai.

Sai ya hango motar kamfani a fake ƙarƙashin rufin gidan mai, tsaninta a naɗe a sama. Gilashin ya yi hazo da numfashin mutane. Ya buga ƙofa da tafin hannu.

Dogo ne ya buɗe, kofin shayi a hannunsa. Mutum ne mai tsawo har sai ya rusuna a cikin mota, furfura ta fara cin gemunsa.

"Maigida! Innalillahi, me ya fito da kai cikin wannan ruwa? Shigo, shigo! Kai, Gajere, matsa."

Suka jawo shi ciki. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Direba, Gajere, wani mai gilashi da bai sani ba, wani kuma a baya rungume da filas.

"Ina Auta?"

Ba wanda ya amsa. Gajere ya kalli Dogo, Dogo ya kalli kofinsa. Tsohon ya san irin wannan shirun, ya taɓa kai shi gidan wani abokin aiki da kansa, ranar da ya je sanar da rasuwarsa. Ƙarfin da ya kawo shi ya zube, ya jingina da kujera.

"A'a, a'a, Maigida!" Dogo ya kama kafaɗarsa. "Wallahi lafiyarsa ƙalau. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Tun kafin hadarin ya iso muka sauko, mun daɗe a nan."

"Tun kafin ya iso? Ta ina kuka gan shi? Ta bayan gari ya taso."

"Ba mu muka gani ba. Gaya mana aka yi."

"To shi yana ina?"

Dogo ya buɗe baki, sai sama ta riga shi. Walƙiya, tsawa, dogayen fitilun gidan mai suka mutu, suka yi ƙyafta-ƙyafta suka dawo. Ba su gama daidaita ba rediyon oba-oba da ke maƙale a gaban mota ya yi ƙara.

"Motar layin kasuwa, ɗakin kula ne. Layinku ya fita ya dawo. Kuna nan inda na bar ku? Ina son jin muryar kowa."

Ko da muryar daga cikin rijiya ta fito, tsohon zai gane ta. Ita ce ta ce masa "Na ji, Baba" da safe.

"Kai, mun shiga uku da yaron nan," in ji Direba. Ya ciro abin maganar ya miƙa.

"Dogo, a ƙasa."

"Gajere, a ƙasa."

"Gilashi, a ƙasa."

"Mai Filas, a ƙasa, kuma shayin ya kusa ƙarewa."

"Direba. Ni dama tun da aka haife ni a ƙasa nake."

"Na ji ku duka," in ji muryar, ba alamar dariya. "Kar wanda ya kusanci turke sai na ɗaure na ce na ɗaure, ku kuma kun sa na maimaita."

Rediyon ya yi shiru. Ruwa na dukan rufin kwano a samansu. Tsohon na zaune ruwa na ɗiga daga haɓarsa, bai goge ba. Farin ciki mai ƙarfi ne ya fara zuwa masa. Bayansa kunya ta biyo, sai fushi. Duk safiyoyin nan. Benci, shayi, wa'azi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun kafin daminar bara," in ji Dogo a hankali.

"Tsoro ya ji? Faɗa min gaskiya. Ƙafarsa ce ta yi rawa?"

"Wa? Auta? Maigida, tun bayanka ban ga mai hawa irinsa ba. Shi ya nema da kansa, ya yi karatun ya ci jarrabawar. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ya ce min masu hawa suna da yawa, amma a ɗakin can ba ko mutum ɗaya da ya taɓa wanke hannun babansa. Ya ce a samu ɗaya."

Tsohon ya dubi aljihunsa na hagu. Lokacin da ya dawo daga asibiti Auta bai fi tsayin tebur ba. Shi ne mai riƙe kwanon ruwan ɗumi idan uwar za ta canza bandeji. Daga baya ya ce shi zai riƙa wankewa. Tsohon ya manta da wannan sarai, ko kuma bai taɓa tunanin yaron na kallo ba.

"Yau shi ya hango hadarin a allonsu," in ji Dogo. "Mu muna ganin rana tar, ya ce a sauko. Na ce saura turke ɗaya, ya ce ko rabi ne a sauko. Bai kwance Mai Naci ba sai da ya ji kowannenmu da bakinsa. Ni shugaba in ce kowa ya sauka, ba ya karɓa. Kuma ko bayan ya kwance, ka gani, duk ƙiftawar wuta sai ya ƙirga mu kamar awaki. Muna zaginsa, amma in ba shi ne a kujerar ba, Gajere ba ya son hawa."

"Sharri ne," in ji Gajere. "Amma gaskiya ne."

"Uwarsa ta sani?"

Dogo ya sosa gemu. "Ita ke goge masa rigar da yake canzawa in ya iso ofis. A ƙasan jakar take, ƙarƙashin bel."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wato ni kaɗai ne sakarai. Kullum ina kara safar hannu a kumatu, safar da ba mai sawa."

Dogo ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin kujera, ya ɗora masa a cinya. Safar roba ce, da ɗan jan zaren da matarsa ta ɗaura a bakinta don kada ta ɓace cikin na mutane.

"Ni ke sa ta. Kowace safiya sai ya biyo ta wurin mota ya miƙo min, ya ce Baba ya duba."

Tsohon ya shafa safar da hannunsa mai lafiya. Yana so ya riƙe fushin, don fushi ya fi sauƙin ɗauka, amma ya neme shi ya rasa. Ya tuna maganar tallan ruwa, da yadda yake faɗinta da ƙarfi, da yaron da ke gefensa yana tauna abinci a hankali. Fiye da shekara yaron na sa takalmi mai nauyi ya fita, don kawai kada ya ga fuskar ubansa ta canza. Wannan ya fi ruwan da ya dake shi sanyi.

Ya kalli fitilun gidan mai. Wutar da ya roƙa kada ta dawo a gaban kantin magani, ashe ɗansa ne ya ba ta izinin dawowa, bayan ya tabbatar ba ɗan kowa a kan hanyarta.

Hadarin ya fara ja baya, amma bai tafi ba sai da ya yi sallama. Wata tsawar ta faɗo can wajen kasuwa, fitilun suka mutu suka dawo. Tsohon ya lura wannan karon gabansa bai faɗi ba.

"Motar layin kasuwa, ɗakin kula ne. Ina son jin muryar kowa."

Abin maganar ya zaga. Dogo, Gajere, Gilashi, Mai Filas, Direba. Direba zai mayar da shi maƙalinsa, tsohon ya miƙa hannu. Ya riƙe shi, babban yatsansa ya sami maɓallin ba tare da ya duba ba.

"Tsohon Biri," ya ce. "A ƙasa."

Ba a ji komai ba sai shuuu ɗin rediyo. Mai Filas ya sunkuyar da kai. Dogo ya fara miƙa hannu zai karɓa. Sannan muryar ta dawo, tana ƙoƙarin tsayawa a kan ƙa'idar aiki, tana kasawa.

"Ban ji da kyau ba. A maimaita."

"Madalla, haka ake yi," in ji tsohon. Ya share fuska da kafaɗa. "Na ce babanka ne. Ina ƙasa, kowa yana ƙasa, na gani da idona. Ka ci gaba da aikinka."

"Baba, ni dama ina so in..."

"Layin aiki ne wannan, ba a hira a kansa. In ka tashi ka biyo gidan mai na bayan gada ka ɗauke ni, gwiwata ba za ta mai da ni gida ba." Ya saki maɓallin, ya sake dannawa. "Kuma kar ka canza kaya. Ka zo da rigar da ka wuni a cikinta, ina so in gani."